Balilar Mosko

Tun da na dawo daga Rasha ƙafar mata ba ta ɗauke daga gidana ba. Mai zuwa sannu da zuwa ta zo, mai leƙen tsaraba ta zo, kuma kowacce tambayarta ɗaya ce: "Uwani, wai da gaske ne kin je gidan rawa?" Jiya ma a titin Mansur, ina tsaye wajen mai tsire, Hajiya Turai ta cafko mini abaya ta ce ba inda za ni sai na ba ta labari daga tushe. To, bakina ya gaji. Ga shi nan na zayyana sau ɗaya, wadda idonta ba ya gani a karanta mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Uwani Mai Guɗa ta unguwar Hindawiyya. A nan Makka aka haife ni. Kakana ne ya tako daga Kano da ƙafarsa, ya sauke farali, ya ce shi ya iso gida. Sana'ata biyu, ƙunshi da guɗa. Ba irin ta Larabawa ba, da za a rufe baki da hannu a yi ta kaɗa harshe. Tamu ta gado, wadda za ki kama hanci da yatsu biyu, ki ɗaga kai, ki sake ta har a ji a layi na uku. Shekara talatin ba a kai amarya ɗaki a unguwarmu ba tare da muryata ba.

Wannan muryar ce ta raba ni da autata Sumayya. Ranar da ta gama sakandare aka kira sunanta, ita ce ta ɗaya a duk makarantar. Ni kuwa me zan jira? Na miƙe a tsakiyar iyaye, na kama hanci, na rangaɗa. Ashe daga ranar 'yan ajinsu suka samu abin wasa. Duk inda ta gilma sai su toshe hanci su yi ƙara. Yarinyar nan ba ta ce mini komai ba, sai dai ta daina kira na Inna, na koma Ummi. In yi mata Hausa, ta amsa da Larabci. Tana jin komai sarai, amma ko "to" ba ta sake furtawa ba. A haka ta tafi Mosko karatun likita, shekara bakwai muna waya, ni da harshena, ita da nata. Ina dariya a gaban mutane, amma wallahi abin nan yana ci mini rai.

Da za su yi bikin gamawa ta kira ni. Duk maganarta da zan kawo a nan da Larabci ta yi, ku riƙe wannan.

"Ummi, ina so ki zo. Amma da sharaɗi."

Na ce, "Na san sharaɗin."

"Ba guɗa. Ko ƙarama."

"Na yi alkawari."

Sai ta ɗan sake, ta ce kuma bayan biki ta yanka mana tikiti za ta kai ni balila. Haka kunnena ya ji, balila. Wato dafaffen waken nan namu na Makka da ake zuba wa tsami da barkono, wanda ake saya a bakin titi. Na ce a raina, ikon Allah, a Rasha sai da tikiti ake cin balila? Amma ban tambaya ba. Yarinyar da ke jin kunyata, ba zan ƙara mata da tambayar ƙauyanci ba.

Maigidana Alhaji Harisu ya ce shi ba ya zuwa garin da ruwa ke daskarewa, ko da damina ce. Shi ya kai ni filin jirgin Jidda a tasinsa, tun daga Hindawiyya yana yi mini huɗuba. Kar ki ci naman da ba ki san wanda ya yanka ba. Kar ki yi wa soja gardama. Da zan sauka ya leƙo ta taga ya ce, "Uwani, ki riƙe hancin nan naki." Na ce ai matsalar ke nan, Alhaji, in na riƙe shi ne ake samun fitina.

Jirgi dai jirgi ne, ba abin faɗi sai ƙafata da ta kumbura. Rikici na farko a bakin shiga ƙasar ya same ni, kuma ni na jawo wa kaina. Ni da za ni bikin 'yata, ai ba na tafi da hannu fari ba. Na zauna na yi ƙunshi baƙi ƙirin har kan yatsu. Wata ma'aikaciya a cikin akwatin gilashi, fuska ba annuri ko na sisi, ta nuna mini in ɗora yatsu a kan na'ura. Na'ura ta ƙi. Ta miƙo mini auduga mai jiƙe in goge. Na ce, "'Yar nan, wannan sai wata guda." Ba ta ji ba, ni ma ban ji nata ba. Ta kira wata, waccan ta kira wata, suka taru su uku suna juya hannuna kamar masu tayin atamfa. Ta ukun ce ta bi zanen furen da yatsanta, ta ce wani abu, sai na ga ta farkon ta yi murmushi. Sai a gwaji na biyar na'ura ta haƙura. Na faɗi kalma ɗaya tak da na haddace, "Sifasiba," wato na gode, na wuce.

Sumayya na tsaye a waje, ta rame, ta yi kyau. Na rungume ta na ce, "Auta, kin ganki kuwa?" Ta ce, "Sannu da zuwa, Ummi." Da Larabci.

Ɗaki take haya a hawa na tara, a gidan wata tsohuwa mai suna Galina. Ni dai Gwaggo Galina na sa mata, ta kuwa amsa. Siririya ce kamar tsinke, ta haura saba'in, amma bayanta a miƙe, wuya a ɗage, in tana tafiya sai ki ce ba ta taka ƙasa. Abu na farko da ya burge ni, su ma ba a shiga musu ɗaki da takalmi. Tun a ƙofa ta ajiye mini silifa. Ta kawo wata miya ja wur, na ɗauka jini ne na ja baya, ashe wani jan rogo ne suke dafawa da kabeji su ɗiga masa kindirmo. Ga burodi baƙi mai tsami. Ga shayi ba madara, wai da cokalin matsattsen 'ya'yan itace ake sha. Na faki ido na zaro ƙullin yajina daga jaka na barbaɗa, miya ta dawo hayyacinta.

Rana kuwa a garin nan ba ta san sallama ba. Na yi La'asar na zauna jiran Magariba, na yi gyangyaɗi na farka, na sake yi na farka, tana nan tsaye a taga tana kallona. Na ce Allah ya jiƙan masu azumi a ƙasar nan.

Kun san ni, shekara talatin ina riƙe ƙafafun amare, idona ba ya wuce ƙafa. Washegari Gwaggo Galina ta zare safa za ta shafa mai, na gani na ce, "Subhanallahi!" Yatsu sun hau kan juna, babban ya karkace, farce biyu babu su, ga kanta ta ko'ina. Na tambayi Sumayya wane ciwo ne wannan. Ta ce ba ciwo ba ne, aiki ne, shekara ashirin ta yi a balila. Na dafa tsohuwa na ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Tsayuwar talla ba wasa ba ce." Ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, kishin tsohuwar nan ya kama ni. In suka zauna a kicin, Sumayya ta yi ta zuba mata Rashanci suna ƙyaƙyata dariya, har da tafawa. Ni ina gefe da kofin shayi. 'Yata tana da harshen da za ta yi wa kowa a duniya, ban da wanda na yi mata rarrashi da shi.

Ranar biki na cika alkawari. Aka kira sunanta, ta hau ta karɓi takarda cikin farar riga. Guɗa ta taso mini tun daga cibiya, na tura gefen mayafi a baki na datse da haƙora har sai da na huda shi. Da muka fito ta sumbaci goshina ta ce, "Na gode, Ummi." Godiya ce, amma sai na ji kamar an mare ni. Wato kyautar da na iya yi wa 'yata ita ce in yi shiru.

Lahadi ce ranar balila, da rana. Na ƙi karyawa sosai, na ƙi cin abincin rana, don in bar wa abin tikiti wuri. Na ga Gwaggo Galina ta sha ado har da 'yan kunne, Sumayya ta ce in sa lesina mai kyau. Na sa, na ɗora kwat a kai, don abin da suke kira zafi a can mu sanyin Ɗa'ifa ne. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta wani matakala mai tafiya da kansa, yana ta gangarawa da mu har na fara kalmar shahada.

Muka ɓullo gaban wani gini mai ginshiƙai kamar fada. Na ce lallai masu balilar garin nan sun yi arziki. A ƙofa mai gadi ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin yaji. Ya shinshina. Atishawa bakwai na ƙirga masa. Sumayya ta yi ta ba shi baki, ta juyo ta ce, "Ummi, me ya kawo yaji nan?" Na ce, "Ai ban san irin haɗinsu ba." Ta dube ni kawai. A ciki wasu tsofaffi suka karɓe kwat ɗina suka ba ni lamba. Na ga mata suna zare takalman titi suna zubawa a leda, suna sa na ado. Nan na ji kamar ina gida, don mu ma da ledar takalmi muke shiga Harami.

Muka zauna a bene, daga gefe, kujeru ja, fitilu kamar inabi. Can ƙasa ga makaɗa sun fi hamsin an zuba su a rami, kowa na gwada gogensa. Na duba gabas na duba yamma, ba tukunya, ba kwano, ba ko ƙamshi. Na taɓo Sumayya.

"Auta, wai sai an gama kiɗan za a raba?"

"A raba me?"

"Balilar mana. Ni fa ban ci komai ba."

Sai ta kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na ce shi ke nan, na sake kunyata ta. Ashe dariya take yi, har da hawaye. Da kyar ta iya cewa, "Bale, Ummi! Bale! Rawa ce!" Ta fassara wa Gwaggo Galina, tsohuwa ta riƙe ciki. Ni ma da na tuna jajen talla da na yi mata, sai na bi su. Rabon da in yi dariya tare da 'yata har na manta.

Fitilu suka mutu, labule ya buɗe.

Bari in fara da abin da kuke jira. E, maza sun fito da wani wando kamar fenti aka shafa musu. Na ja mayafi na rufe ido ɗaya ina istigfari. Wadda za ta kai ƙarata wajen malam ta haɗa da wannan.

Amma matan! Jama'a, ni na san rawa. Na ga ta 'yan mata a dandalin biki, na ga ta Larabawa, na ga ta Sudan. Tamu da ƙugu da kafaɗa ake yi, ƙafa na dukan ƙasa. Su waɗannan gudun ƙasa suke yi. 'Yan mata sun kai talatin cikin fararen kaya, suka shigo a jere a kan tsinin yatsu, ba tafin ƙafa ba, tsinin babban yatsa. In ɗaya ta ɗaga hannu, duka sun ɗaga, ba wadda ta riga wata ko da ƙiftawar ido. Kuma ba mai cewa uffan. Tun daga farko har ƙarshe ba waƙa, ba magana, amma sai na tsinci kaina na gane komai: wannan tana son wancan, wancan ya yi mata alkawari, ya saɓa. Da babbar cikinsu ta sunkuyar da kai ta naɗe hannuwa a ƙirji, na ce a fili, "Allah ya isar miki, 'yar nan." Wani mai gemu a gabanmu ya waiwayo.

Da yake a gefe muke, ina hango abin da na tsakiya ba sa gani. Yarinyar nan za ta yi tsalle, namijin ya cafe ta sama kamar ba ta da nauyi, ta sauka tana murmushi. Tana shiga bayan labule sai ta dafa gwiwa, tana haki kamar wadda ta yi Safa da Marwa a guje, gumi na ɗiga. Kiɗa na juyowa ta miƙe, ta mayar da murmushin, ta fito. Sai na tuna ƙafar Gwaggo Galina. Na waiwaya na dube ta. Ita ba babbar take kallo ba. Idonta na kan wata yarinya ta uku a layin baya, hannuwanta na motsi a kan cinya, suna yin duk abin da ƙafar yarinyar ke yi. Sumayya ta raɗa mini cewa nan ne gurbin tsohuwar a da, shekara ashirin, ba a taɓa kiran sunanta ba. Na kama hannun tsohuwar na riƙe. Kishin nan ya fita daga raina.

Da aka tafi hutu yunwa ta ce ba ta san zancen ba. Sumayya ta samo mini burodi da kifi, na barbaɗa yaji a gaban kowa, ba ta hana ni ba. Gwaggo Galina ta ce sai ta ɗanɗana. Ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu.

A zagaye na ƙarshe ne babbar ta fito ita kaɗai. Ta tsaya a kan yatsa ɗaya, ta fara juyawa, ɗaya ƙafar na fita tana dawowa kamar bulala. Na fara ƙirga. Goma. Ashirin. Ba ta gusa daga inda take ba ko da taki ɗaya. Na wuce talatin lissafi ya ɓace mini, ita kuwa ta tsaya cak, hannu a sama, kamar ba ita ba.

Gidan nan ya tashi. Ashe mutanen da ba sa murmushi a titi a nan suke ajiye haukarsu. Kowa ya miƙe, ana tafi, ana ihun "Barabo! Barabo!", ana jifa da furanni. Ni kuwa abin ya taso mini, wanda ya fi na ranar biki, don wannan ya haɗa da na ranar bikin da na haɗiye. A garinmu in mutum ya yi abin da ya isa, ba tafi ake yi masa ba. Hannuna na dama ya kama hanyar hanci da kansa. Na fizgo shi, na damƙe ƙarfen gabana da hannu biyu, na rufe ido. Hawaye na zuba, ina cewa a raina, Uwani, kin yi alkawari, saura kaɗan, kar ki rasa 'yarki saboda 'yar wasu.

Sai na ji wata ƙara a gefena, kamar an matse ɗan akuya a ƙofa.

Na buɗe ido. Sumayya ce. Likita guda, ta kama hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai, tana ta ƙoƙari. Mai gemu ya juyo, matarsa ta juyo, layi biyu suka juyo. Ba ta saki hancin ba. Ta sake gwadawa, ta fi ta farko muni. Sannan ta dube ni, fuska sharkaf da hawaye, ta buɗe baki da wata Hausa mai tsamin Larabci, wadda rabona da ita shekara bakwai:

"Inna, ta ƙi fita. Ki yi mana."

Ban san lokacin da na saki ƙarfen ba. Na gyara tsayuwa, na cika ƙirji, na kama hanci.

Ayyururuuui!

Wallahi ginin nan an yi shi don guɗa. Ta tashi ta bugi rufi, ta zagaya, ta dawo mini. Makaɗan rami suka ɗago kai. Tafi ya ɗan tsaya, sannan ya dawo ya fi na da. Yarinyar da ta yi juyin ta ɗaga ido tana neman inda abin ya fito, ta dafa ƙirji, ta durƙusa ta wajenmu. Na ƙara ta biyu. Ta uku kuwa na juya na yi ta a kan Gwaggo Galina, ta shekara ashirin ɗin da ba wanda ya yi mata. Tsohuwa ta miƙe wuya, ta ɗan ja ƙafa baya, ta rusuna mini a tsakanin kujeru.

Kafin in taho na zaunar da ita na yi mata ƙunshi a ƙafafun nan, ja da baƙi, har kan yatsun da ba farce. Ta ƙi sa safa kwana uku.

Alhaji ya tarye ni a Jidda, tambayarsa ta farko, "Yaya balilar?" Na ce ta yi daɗi, sai dai ba ta ƙosarwa. Masu tambaya ko na gwada tsayuwar yatsa, na gwada sau ɗaya a kicin, na riƙe firji, kuma ba zan ƙara ba.

Sumayya tana can tana haɗa takardunta, za ta dawo kafin bikin 'yar Hajiya Turai, ta ce a gefena za ta tsaya ranar kai amarya. Kullum sai ta turo mini saƙon murya tana gwaji in gyara mata. Gaskiya har yanzu ɗan akuyan nan bai fita daga ƙofa ba. Amma ban goge ko ɗaya ba, don kowane saƙo da "Inna" yake farawa.